Ga matasanmu masu aikin agaji: ku san iyakarku da soja

'Yan'uwa matasan Gombe da ke samun aiki a ƙungiyoyin agaji, ga maganar da ba kasafai ake faɗa muku a ranar farko ba. Tallafin da ƙasashen waje ke kai wa ƙasar da rikici ya raunana yakan bi hanya uku: tsaro, jakadanci, da raya ƙasa. A 2019 Amurka ta yi dokar da ta ɗora wa ma'aikatar harkokin wajenta da ta tsaro da hukumar USAID mai tallafa wa raya ƙasashe tsara shiri guda na shekara 10. A takarda abin ya yi kyau. A fili kuwa kowa da agogonsa: kwamanda na neman sakamako kafin a sauya masa wurin aiki, jakada na duban dangantaka da gwamnati, jami'in noma kuma sai ya ga damina biyu ko uku kafin ya ce uffan.

Ku dubi sansanin Malam Sidi da ke ƙaramar hukumar Kwami, inda ake gyara tunanin tubabbun 'yan Boko Haram. Soja sun iya tsaro da tantancewa. To, ranar da aka miƙa mutum ga jiharsa fa? Wa ya riga ya zauna da mai unguwa da liman da matar da aka kashe wa miji? Wa ya tanadar masa jarin sana'ar da ya koya? In ɗan Nijar ne ko Chadi, sai jakadanci ya shigo. Wannan tsakiyar, wato tsakanin sansani da komawa gari, ita ce aikinku, kuma watanni kafin sallama ake fara ta. In an makara, gari ya ƙi shi, daji ya sake kiransa.

Amma haɗa kai ba narkewa ba ne. Ku sanar da soja inda sansaninku yake da ranar da motocinku za su tashi, ta hannun jami'an OCHA, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai daidaita ayyukan agaji. Ku tuna garin Rann na jihar Borno a 2017, inda jirgin yaƙi ya jefa bam bisa kuskure a sansanin 'yan gudun hijira, har ma'aikatan Red Cross suka rasu. Sunayen masu karɓar abinci da na marasa lafiya kuwa amana ne, kada su fita. A 2011 hukumar leƙen asirin Amurka, CIA, ta fake da rigakafin bogi a Abbottabad ta Pakistan tana neman Osama bin Laden, daga baya masu allurar shan inna ne suka biya da rayukansu.

Rakiyar soja sai in babu makawa. Kuma don Allah ku daina ɗaukar hoto a kan motar soja kuna sa wa a Facebook, domin mutanen ƙauyen da za ku koma gobe suna gani.