Daren da tsohon maƙwabcina ya ɓace

Wallahi har yanzu abin bai bar raina ba. Maƙwabcina a nan Ingila, wani dattijon Bature mai ciwon mantuwa, ya buɗe ƙofa ya fice da silifas da rigar barci, a watan Disamba fa, lokacin da ƙarfe 4 na yamma duhu ya riga ya rufa, ga wani sanyi mai shiga har cikin ƙashi. Kicin kawai 'yarsa ta shiga, ta fito ba kowa a kujera.

Ta kira 999, lambar kiran gaggawa ta nan. Ni ina zaton za a ce ta jira zuwa gobe, sai ga 'yan sanda a ƙofa. Abin da ya tsaya min a rai wani fom ne da ta ciro daga durowa, ta cike shi tun tuni ta ajiye. Herbert Protocol suke ce masa, 'yan sandan yankin Norfolk na nan Ingila suka fara shi a 2011, sunan George Herbert aka sa masa, wani tsohon soja mai ciwon mantuwa da ya yi yaƙin Normandy a Yaƙin Duniya na Biyu, shi ma ya fita neman gidan da ya tashi yana yaro, rai ya yi halinsa kafin a gan shi. A cikin fom ɗin akwai hoton maƙwabcin nawa na kwanan nan, magungunan da yake sha, gidajen da ya taɓa zama, inda ya yi aiki, har inda aka binne matarsa. Ba a tsaya ana yi mata tambayoyi tana kuka tana kame-kame ba. Kafin awa biyu an same shi a tashar bas kusa da tsohon wurin aikinsa, yana rawar ɗari, wai ya makara.

Na san me za ku ce, mu a gida tsoho ba ya rasa ido a kansa. Haka ne, kuma ni ma kaɗaicin tsofaffin nan yana ba ni tausayi ƙwarai. Amma mu daina ruɗin kanmu. Sai mu ce ai rikicin tsufa ne, ko a ce asiri aka yi masa, a yi ta ɓoyewa kar duniya ta ji, ranar da ya sulale kuma a rasa ko hoton kirki na cigiya, sai wanda ya ɗauka shekara 20 baya.

A daren na sauke fom ɗin a waya don in cike wa Baba, don ya fara kiran ƙanwata da sunan mahaifiyarsa. Ina zuwa wajen magunguna na tsaya cak, ban san ko ɗaya ba. Na kira Yaya, ta yi shiru can ta ce, “Kai da shekara 6 rabonka da shi, takarda ce za ta tsare mana shi? Jiya sau uku yana tambaya ko ka dawo daga makaranta.”

Ban iya ce mata komai ba. Da safe ta turo min hoton kwalayen maganin, na zauna ina kwafa ɗaya bayan ɗaya.