Ciyaman Ya Yi Ƙwai

Ni tela ne a Aboabo, nan cikin Kumasi, kuma duk wanda ya san ni ya san ko ƙadangare ne ya faɗo daga rufi sai na bar masa keken ɗinki. Har yau ban gane yadda ɗan ƙanwata ya shawo kaina na karɓi ajiyar maciji ba. Ina jin sidi 300 da ya turo mini ta momo ne suka toshe mini basira.

Yaron ya samu aikin wata uku a Tamale, inda zai sauka kuma ko kyanwa ba a yarda a shiga da ita ba. Sai ga shi bayan isha da wata babbar roba mai murfi, an huhhuda gefenta.

"Kawu, kwantar da hankalinka, ba shi da dafi. Macijin masara ake ce masa. Asalinsa daga kudu maso gabashin Amurka ne, wajen su Fulorida da Jojiya, can ma gindin rumbu yake zuwa farautar ɓera. Sunansa Ciyaman. Namiji ne, ba zai ba ka wahala ba."

Ku riƙe wannan magana ta ƙarshe da kyau.

Na leƙa daga nesa. Tsakani da Allah abin yana da kyau: ruwan lemo ne da jajayen dabbare masu baƙin gefe, cikinsa kuma fari da baƙi kamar an jera ƙwayar masara. Da idon tela na auna shi, yadi ɗaya da kwata. Abincinsa ɓera ɗaya a mako, daskararre, a jiƙa a ruwan ɗumi ya saki kafin a miƙa masa. Firiza ɗaya ce a ɗakinmu, ita ce kuma uwargida ke sanyaya sobolo, wato zoɓo, da burkina, gero da nono, na sayarwa. Na zuba ɓerayen a gwangwanin Milo, na naɗe da leda uku, na tura can ƙasa, na ce mata maganin ciwon baya ne da ba ya son zafi. Robar kuwa ta shige ƙarƙashin teburin yanka, na lulluɓe da ƙyallaye.

Makon farko lafiya lau. Mako na biyu Ciyaman ya ƙi cin abinci, idanunsa suka yi hazo kamar na tsohon da yana ta rufe wa ido. Na kira yaron a gigice, ya yi dariya ya ce saɓa zai yi. Ya kuwa yi, ya tuɓe tsaf kamar an cire safa. Amma maimakon ya natsu, sai ya shiga sintiri dare da rana, yana tura murfi da hanci. Ga ƙasan cikinsa ya kumbura. Na ce a raina cushewar ciki ce, har na fara tunanin ko maciji na shan kanwa.

Kwana 10 bayan saɓar, na ɗaga ƙyallaye da safe na tarar da murfi a karkace. Ba Ciyaman, ba dalilinsa.

Gidanmu gidan haya ne, ɗaki 11, famfo ɗaya, yara kuwa sai wanda ya ƙirga. A irin wannan gida ba ka fitowa tsakar gida ka ce jama'a macijina ya ɓata. Sai na ce almakashina nake nema. Kwana biyu ina rarrafe, ina leƙa bayan randa da buhunan gawayi, har wata maƙwabciya ta tausaya ta ara mini nata almakashin.

Hajiya mai gidan ce ta tsinto mini shi. Sana'arta goro, kuma kowa ya san yadda ake ajiyar goro: kwando, ɗanyen ganye, ɗan danshi, wuri mai duhu. Ashe abin da Ciyaman ke nema ke nan tun da ya fara sintiri. Salatin da Hajiya ta saka, na tabbata an ji shi a Asawase. Na iso da gudu na tarar da shi kwance a kan goro, ya rame ya koma kamar tsohon bel, a gefensa ga ƙwai 17 manne da juna, farare, dogaye, masu taushi kamar fatar jima.

"Tela! Wannan shi ne almakashin?"

Ban iya amsawa ba. Na kira Tamale.

"Kai, ɗan nan, Ciyaman ɗinka ya haihu."

Shiru. Can ya ce, "Kawu, guda nawa?" Ko sannu babu. Sai a lokacin ya tuna cewa da su biyu ne a roba ɗaya, wanda ya sayar masa ya rantse duk maza ne, shi kuma ya sayar da ɗayan kafin ya tafi. Wai bambance mace da namiji a maciji sai gwani, don komai a ɓoye yake a gindin wutsiya. Daga barbara zuwa ƙwai wata ɗaya ne da 'yan kwanaki, saɓar nan da na gani kuma ita ce sanarwar cewa saura kamar kwana 10 zuwa 14. Duk ya san wannan, amma sai da goron Hajiya ya zama ɗakin haihuwa ya gaya mini.

Na ce to ta zo ta kwanta a kan abinta. Ya ce ai ba ta kwanci. Ƙaramar mesar nan tamu ta Gana ita ce ke naɗe ƙwanta har ya fashe, wannan kuwa da ta sauke ta gama, sauran aiki na mai tsautsayi ne. Ya karanto mini dokoki. Kada in raba ƙwan da suka manne. Kada in juya su ko kaɗan, don ɗan da ke ciki yana kama waje guda, in aka kifa shi yana iya mutuwa. In sa alama da fensir a saman kowanne. In shimfiɗa musu ɓawon kwakwa mai danshi, wanda in an matse ba ya ɗiga. Zafi ya tsaya wajen digiri 27 zuwa 28 har kimanin kwana 60. Turawa na'ura suke saye domin wannan, mu kuwa a Kumasi ƙarƙashin gado ma ya isa, muddin zafin kwano bai sauko musu da rana ba.

Hajiya ta ce goron da maciji ya haihu a kai ba mai ci, sai da na biya kuɗin kwandon gaba ɗaya. Sidi 300 ɗin nan suka tafi, suka ja 'yan'uwansu.

Da a nan abin ya tsaya da na gode Allah. Amma a garin nan, mutum ya ajiye maciji a ɗaki, fassara ɗaya ce: ya shiga sakawa, wato tsafin kuɗi, macijin nan kuɗi yake amayo masa. Ni kuma na riƙa ba su hujja da hannuna. An gan ni ina rubutu a kan ƙwai. Ranar da aka ɗauke wuta, wani yaro ya leƙo ta taga ya gan ni tsugune cikin duhu ina haska ƙwan da fitilar waya, suna ja jawur. Jijiyoyi kawai nake dubawa, don mai rai yana nuna jan zare-zare, biyun da suka fito ƙanana masu ruwan ɗorawa kuwa baragurbi ne. Wa zai saurari wannan bayani? Sannan uwargida, bayanta ya riƙe, ta ce bari ta ɗan taɓa maganin maigida. Ta buɗe gwangwanin Milo. Kwananta huɗu a gidan iyayenta, kuma da na je biko sai da na yi alkawarin sabuwar firiza.

Kafin mako ya zagayo na zama Alhaji ba tare da na taka jirgi ba. Mai wake da shinkafa ta fara ɗora mini nama da ƙwai ban tambaya ba, ta kuma caje ni. Wanda nake bi kuɗin ɗinkin Sallah tun bara ya dafa kafaɗata ya ce, "Haba Alhaji, kai da ke da Ciyaman?" Hajiya, wadda ta rantse sai na bar mata gida, ta sauya shawara ta ƙara mini haya.

Liman ya tsayar da ni bayan asuba. Na zayyana masa komai, tun daga Fulorida har kwandon goro. Ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce, "To Malam Tela, me macijin yake ba ka?"

"Ba komai, Allah gafarta Malam. Ni nake saya masa ɓera."

"Wannan ya fi abin da aka faɗa mini tayar da hankali."

Rana ta 58 na ga ƙwai ɗaya ya tsage kamar an ja reza. Ashe da ɗan haƙori suke zuwa na yanka ɓawo, daga baya ya faɗi. Kai ya leƙo, ya kalle ni, ya koma ciki. Haka suke yi, sai su kwana ɗaya ko biyu suna leƙen duniya kafin su yanke shawara, kuma ban ga laifinsu ba. Cikin kwana uku duka 15 suka fito, kowanne bai wuce zif ɗin siket ba. Kowa da robarsa, in sun yi saɓar farko bayan mako guda kuma kowa da jinjirin ɓeransa. Robobin sobolon uwargida ne suka tafi a wannan hidima, ba ta sani ba tukuna.

Jiya na kira yaron in ji ranar dawowarsa. Ya ce an ƙara masa wata biyu, kuma in sa ido a kan Ciyaman, don wani lokaci sukan sake zuba ƙwai karo na biyu a shekara guda. Na kashe wayar.

Yau da safe na jera robobin na ƙirga. Na sake ƙirgawa, na sa tabarau na ƙirga na uku: 14. Ga Hajiya can ta ɗauki mabuɗi ta nufi ɗakin goro, ni kuma na fito tsakar gida ina tambayar ko akwai wanda ya ga almakashina.