Sunan Birni Ba Ya Kawo Ruwan Famfo

Sau da yawa a majalisa a Kano za ka ji ana cewa kowace unguwa a Abuja ta fi ta Kano. Masu faɗin haka Maitama da Asokoro suke gani a zuci, sai su auna su da Kurna ko Rijiyar Zaki. Ai awon bai yi daidai ba. Ita Maitama, da Nassarawa GRA ta Kano ake haɗa ta, tunda duk an zana titunansu kafin a yi gini.

Tun da gwamnati ta koma Abuja a 1991, tsadar haya ta tura ƙananan ma'aikata Nyanya da Kubwa da Mararaba, wadda ma a Jihar Nasarawa take. Mutumin Mararaba kan fito da asuba saboda cunkoson hanyar Keffi, kuma a ƙofar gidansa ɗan garuwa ne ke turo kura cike da jarkoki, kamar dai a Dorayi. Mazaunin Hotoro kuwa, Adaidaita Sahu ɗaya ko biyu sun kai shi kasuwar Sabon Gari. Inda gefen Kano yake shan kashi shi ne filayen awon igiya, da ake yankawa ba a bar wa kwata hanya ba, damina na zuwa lungu ya zama tafki.