Abin da Toyota ta hango a motar haibirid, da abin da ke jiran garejinmu

Ranar da yayana ya shigo da Prius ƙirar 2010, motar haibirid ta Toyota mai haɗa fetur da lantarki, daga Kwatano, 'yan majalisarmu ca suka yi masa. Wani ya ce, "Alhaji, ka sayo wa kanka hawan jini, wa zai gyara maka wannan a Kano?" Ya danna maɓalli, fitilar gaban direba ta kama, babu ƙarar inji ko kaɗan, motar ta soma silalewa kamar ana tura ta. Yara suka bi ta a guje suna cewa mota mai tafiya a mace. Wannan kafin 29 ga Mayu 2023 ne, ranar da aka ce tallafin mai ya tafi. Litar da muke saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta tsallake dubu. Mutanen da suka yi masa dariya su ne yanzu ke tare shi bayan sallar Magariba suna cewa, "Alhaji, in za ka sayar a fara sanar da ni."

Na kawo wannan ne saboda muhawarar da na daɗe ina bi a kan Toyota, wadda Turawa da yawa suka yi shekaru suna zagi a kan wai ta ƙi rungumar motar lantarki zalla. Ni ina bayan Toyota a wannan magana, kuma zan faɗi dalili. Akwai kuma inda nake ganin ta yi sake, shi ma ba zan ɓoye ba.

Toyota ce ta fara sayar da haibirid da yawa a duniya, a Disamba 1997, da wannan Prius ɗin, ƙarƙashin injiniya Takeshi Uchiyamada. Ga wanda bai taɓa shiga ba, ga yadda take. Akwai injin fetur, akwai injin lantarki, akwai ɗan ƙaramin batir a bayan kujera. Ba a jona ta a soket. Injin fetur ne ke caja batirin, haka kuma duk lokacin da ka taka birki, ƙarfin da a sauran motoci yake tafiya a banza ya zama zafi, ita sai ta mayar da shi wuta ta adana. In ka shiga cunkoson Kofar Wambai ko na Kwari, injin fetur ɗin kashe kansa yake, batir ya riƙa jan ka a hankali. Shi ya sa Prius irin ta yayana take iya cin kilomita 20 da lita ɗaya, inda tsohuwar Camry mai fetur zalla da ƙyar take cin rabin haka a cikin gari.

Da Tesla, kamfanin Amurka mai ƙera motar lantarki zalla, ta taso, kamfanoni suka shiga rige-rigen alƙawari. Volvo ya ce daga 2030 lantarki kawai zai sayar. General Motors ya sa 2035. Tarayyar Turai ta kafa dokar hana sayar da sababbin motocin fetur daga 2035. Toyota kuwa ta tsaya a kan abin da take kira hanyoyi da yawa: haibirid, haibirid mai jonawa a soket, lantarki zalla, har da mai amfani da iskar haidurojin irin Mirai da ta fito a 2014. Akio Toyoda, jikan wanda ya kafa kamfanin, ya sha nanata cewa hayaƙin kabon ne abokin gaba, don haka duk hanyar da za ta rage shi a bi ta. A Janairu 2024 ya ce a ganinsa lantarki zalla ba za ta wuce kashi 30 cikin 100 na kasuwar duniya ba, ya kuma tuna wa masu sauraro cewa akwai ɗimbin mutane a duniya da ba su da wuta ma sam. Da na karanta wannan sai na ji kamar mutumin ya taɓa kwana a unguwarmu.

Hujjarsu da ta fi kama hankalina ita ce lissafin 1:6:90, wanda suka raba wa dillalansu na Amurka a 2023. Ma'adinan da za a haɗa batirin babbar motar lantarki guda ɗaya, irin su litiyam da nikel da kobalt, za su isa a yi haibirid mai jonawa guda 6, ko haibirid na yau da kullum guda 90. Duba da kanka: a ma'aunin wutar da batir ke ɗauka, batirin Prius ɗin yayana bai kai kilowat-awa 2 ba, na bZ4X, motar lantarkin Toyota, ya haura 70. To wanne ya fi rage hayaƙi a duniya, mutum ɗaya ya daina shan fetur gaba ɗaya, ko mutum casa'in kowa ya rage wani kaso mai yawa? Duk wanda ya taɓa raba tuwo a gidan yawa ya san amsar. Masu suka suna cewa ma'adinan ba su yi ƙarancin da Toyota ke faɗa ba, kuma lallai farashin litiyam ya faɗi ƙwarai bayan 2022. Na yarda da wannan. Sai dai ko ma'adinai sun yi araha, wutar da za a caja motar ba ta sauka daga sama.

Kasuwa kuma ta yi magana. A 2024 Toyota da rassanta sun sayar da motoci miliyan 10.8, babu kamfanin da ya kamo su. A ciki haibirid sun haura miliyan 4, lantarki zalla kuwa wajen dubu 140 ne kacal. Shekarar kuɗinsu da ta ƙare a Maris 2024 sun ci ribar aiki ta sama da yen tiriliyan 5, abin da wani kamfanin Japan bai taɓa yi ba. A daidai lokacin sashen lantarki na Ford ya yi asarar dala biliyan 4.7 a 2023, ya ƙara asarar sama da biliyan 5 a 2024, har ya soke wata babbar motar lantarki da ya yi niyyar ƙerawa. Volvo ya janye alƙawarin 2030 a Satumba 2024. General Motors ya ce zai dawo da haibirid mai jonawa. Wannan na ƙarshen ya taɓa ni, domin Chevrolet Volt, wadda ɗan Sakkwato Jelani Aliyu ya zana siffarta, irin wannan motar ce, kuma su da kansu suka daina ƙera ta a 2019, ga shi suna komawa neman abin da suka yar.

Ba na ɗaukar Toyota a matsayin waliyyiya. Kamfani ne mai kare jarinsa. Ta zuba dukiya a injin fetur da giyar mota shekara da shekaru, kuma Toyoda da bakinsa yana yawan ambaton mutum miliyan 5.5 da ke cin abinci a masana'antar mota ta Japan, waɗanda da yawansu aikinsu zai tafi in aka daina yin inji. A 2019 ta goyi bayan gwamnatin Trump a rigimarta da jihar Kalifoniya kan dokar hayaƙi, sai a 2021 ta janye. Wannan abin kunya ne ga kamfanin da ya haifi Prius. Sannan da ta tashi fito da bZ4X a 2022, ba a yi wata biyu ba aka janye ta daga kasuwa saboda ƙusoshin taya na iya kwancewa, tayar ta fita. Toyota fa, wadda muke rantsuwa da ƙarkonta! A Disamba 2021 sun yi alƙawarin motocin lantarki miliyan 3.5 a shekara kafin 2030. Daga dubu 140 zuwa can tafiya ce mai nisan gaske.

Inda nake jin tsoro a kansu shi ne Chana. Kamfanin motocinsu na BYD ya daina ƙera motar fetur zalla tun Maris 2022, a 2024 ya sayar da sama da miliyan 4.2, kusan miliyan 1.8 lantarki zalla, sauran masu jonawa. Kuma ba irin motocin masu kuɗin Amurka yake yi ba, yana da ƙanana masu araha. A can Chana ita kanta Toyota batirin BYD ta sa a motarta bZ3, kuma tare da kamfanin GAC ta yi bZ3X. Wanda ya koya wa duniya haɗa batir da inji yau shi ne ke aron batir a hannun wani. A ƙasar Nowe kusan kashi 89 cikin 100 na sababbin motocin da aka sayar a 2024 lantarki ne. Habasha, a nan Afirka, ta hana shigo da ƙananan motocin fetur da dizal a 2024, saboda tana da wutar madatsar ruwa, dalar sayen mai ce ba ta da ita. Ke nan maganar Toyoda ta kashi 30 ba wahayi ba ce. In batir ya ci gaba da araha, sola ta ci gaba da araha, lissafin zai iya juyewa da sauri, kuma ba ni da shakka wata rana zai juye.

Amma mu a yau fa? Ƙasa mai mutum sama da miliyan 200 tana raba megawat dubu 4 zuwa 5. A Oktoba 2024 yawancin Arewa ta yi fiye da mako a duhu bayan layukan wuta sun lalace. Ka ɗauka a wancan makon motarka lantarki ce zalla, ga matarka na naƙuda da tsakar dare. Janareta za ka tayar ka caja ta, wato ka ƙona fetur ɗin da ka gudu. Ban raina ƙoƙarin da ake yi ba. Tashar caji mai sola da aka buɗe a Jami'ar Usmanu Danfodiyo a 2021 abin yabo ce, haka aikin Mustapha Gajibo a Maiduguri na mayar da ƙananan bas-bas su koma lantarki. Motar haya mai zagaya gari ta dawo tasha ɗaya ta kwana, ita da adaidaita sahu da babur, nan lantarki zai fara cin nasara a wurinmu, kuma ina fatan haka. Mai motar gida da zai tashi daga Kano zuwa Yola kuwa, haibirid ce daidai da shi.

Ga abin da ya sa na zauna na yi wannan dogon rubutu. Mu ba mu cika sayen sabuwar mota ba. Abin da Ba'amurke ya hau shekara goma ya gaji, shi ke sauka Kwatano da Legas ya iso mana. To a Amurka, Sienna tun ƙirar 2021 haibirid ce kawai. Camry daga ƙirar 2025 haibirid kawai. RAV4 daga ƙirar 2026 ita ma babu mai fetur zalla. Toyota ta gina masana'antar batir ta kusan dala biliyan 14 a jihar Karolina ta Arewa don ciyar da wannan tsarin. Camry da Sienna kuwa kowa ya san matsayinsu a titunanmu, Sienna ce ma ke ɗauke da fasinjan Abuja da Kaduna da Jos. Nan da shekara takwas zuwa goma, in ka je wurin dillali neman tokumbo mai ɗan kyau, haibirid zai nuna maka, ko ka so ko ka ƙi. An riga an yanke mana wannan hukunci a birnin Toyota na Japan, babu wanda ya tambaye mu.

Shin garejinmu ya shirya? Bari in ba ku abin da na gani da idona. Bayan hunturun bara motar yayana ta kunna fitilar gargaɗi, ƙarfinta ya ragu. Muka kai wa wani bakanike da muka daɗe da shi. Ya leƙa, ya ga wayoyi masu ruwan lemo, ya ja da baya, ya ce, "Alhaji, batir ya mutu, sai dai a sayo wani." Ya faɗi kuɗin da ya kusa sa yayana ya sayar da motar a yadda take. Ban zarge shi da mugunta ba, abin da bai sani ba ne. Daga baya aka haɗa mu da wani matashi mai aikin waya. Ya jona na'urarsa, ya duba ƙwayoyin batirin a kwamfuta, guda 28 ne jere, ya ce lafiyarsu ƙalau. Sai ya buɗe wata 'yar taga a gefen kujerar baya, inda iska ke shiga ta sanyaya batirin. Ya ciro fankar. Wallahi kamar an liƙa mata auduga da jar ƙasa, ƙurar hunturu ce ta shekaru ta toshe ta, batir ya yi zafi, kwamfuta ta rage masa ƙarfi don kada ya ƙone. Ya wanke, ya mayar, ya goge gargaɗin. Ya ce, "Baba, a daina ɗora kaya a kan tagar nan, kuma duk ƙarshen hunturu a kawo in share." Abin da muka biya bai kai kuɗin cika tanki ba.

Na tambaye shi inda ya koya. Ya ce a waya, da bidiyo, da ɓata dare. Ya nuna mini safar hannu ta roba mai kauri da ya yi odarta da kuɗinsa, domin wutar da ke cikin waɗannan wayoyi masu ruwan lemo ta haura bolt 200, tana iya kashe mutum nan take. Akwai wani makulli a jikin batirin da dole a zare shi a jira kafin a taɓa komai. Yara nawa ne a Kofar Ruwa da Panteka suka san da wannan makullin? Ranar da motocin nan suka cika gari, yaron da aka saba aikawa ƙarƙashin mota da sifana a hannu, ba takalmi, ƙasa a jiƙe, shi ne zai fara gamuwa da wayar nan.

Don haka kirana ga ƙungiyoyin makanikai, da kwalejojin fasaha, da hukumar NADDC mai kula da harkar ƙera motoci a Najeriya, da gwamnonin da ke raba kayan sana'a: a sa gyaran haibirid a cikin abin da ake koya wa matasa tun yanzu, da Hausa, a cikin gareji, da na'urar dubawa da safar hannu a hannun kowane ɗalibi. 'Yan kasuwar kayan gyara su fara sanin ƙwayar batir mai rai da matacciya kafin a cika mana shaguna da tarkacen da wasu ƙasashe suka zubar. Duk wanda kuma zai sayi haibirid a yau, kada ya biya ko sisi sai an jona na'ura an nuna masa lafiyar ƙwayoyin batirin ɗaya bayan ɗaya, ya kuma sa a buɗe masa fankar nan ya gani.