Idan ƙungiyar kiɗa ta watse a Ingila, babu mai sallamar kowa

A Ingila ba wuya mutum huɗu ko biyar su haɗu su kafa ƙungiyar kiɗa ba don neman abinci ba. Wannan direban bas ne, wancan mai gyaran famfo, waccan malamar asibiti, kowa da aikinsa na rana. Dare ɗaya a mako sai su haɗa kuɗi su kama hayar ɗaki na awa biyu ko uku, su yi ta kiɗa har lokacinsu ya cika. A nan Mancesta inda nake zaune, wasu daga cikin tsoffin masaƙun auduga na Ancoats da kewaye an yayyanka su ɗaki-ɗaki saboda irin waɗannan mutane. In ka bi ta wajen da daddare, ta kowace taga ƙarar ganga da jita kake ji. Haɗuwa kam sun iya ta. Rabuwa ce ba su iya ba, mu ma da muka shigo cikinsu mun kwashi wannan rashin iyawar.

Da wuya ka ji an yi faɗa. Mai jita ya samu ƙaruwa a gida, sai ya fara ba da uzuri. An mayar da mai waƙa aikin dare. Wani ya samu aiki a birnin Lids ya ce zai riƙa zuwa ta jirgin ƙasa, ya zo na ɗan lokaci ya gaji. A zauren WhatsApp saƙo ya fara ja baya, a ce "sai mako mai zuwa", mako mai zuwa ya zo a sake ɗagawa. Wata rana ka duba waya ka ga wani ya fice daga zauren ba tare da ya ce uffan ba. Tamu ma haka ta ƙare. Mu biyar ne, ni ke kaɗa kalangu da ganga, kuma har yau babu wanda ya buɗe baki ya ce mun watse.

Na san abin da mai karatu a gida zai ce: to mene ne abin damuwa, tunda ba da shi kake ci ba? Wani ma zai ƙara da cewa Allah ne ya raba ka da wahala, mutum da aikinsa da iyalinsa me ya haɗa shi da kalangu. Ban ga laifin mai wannan magana ba, domin a wurinmu kiɗa sana'a ce, galibi ma gado ce, kuma tana tafiya da roƙo. Mutumin da ke kiɗa don jin daɗin ransa kawai, ba ya jiran kyautar kowa, baƙon abu ne a garinmu. Amma mai faɗin haka yana da majalisa a ƙofar gida. Yana da teburin mai shayi, yana da ɗaurin aure da suna kusan kowane mako, ko bai nemi mutane ba mutane za su neme shi. A nan, cikin watan Disamba rana tana faɗuwa kafin ƙarfe huɗu na yamma, maƙwabcinka zai iya shekara bai san sunanka ba. Daren gwajin nan shi ne majalisarmu. Nan ne kaɗai wurin da in ban zo ba za a kira a tambayi lafiya. Ranar da ya tsaya, kiɗan ban rasa shi ba, tunda kalanguna yana nan rataye a ɗaki. Mutanen na rasa, kuma na rasa su ba tare da wani ya ce mini gobe kada ka zo ba.

Ni mutumin Gusau ne, na tashi ina jin makaɗan kotso da na taushi, kuma tun da abin nan ya faru nake ta auna yadda suke tafiyar da tasu ƙungiyar. Ƙungiyar makaɗan gargajiya tana da kai. Akwai uban tafiya wanda shi ke ɗora waƙa, akwai 'yan amshi, akwai makaɗa, akwai sanƙira, kowa ya san matsayinsa da wanda ke gabansa. Alhaji Musa Ɗanƙwairo a hannun mahaifinsa ya koyi kiɗa, ya yi aiki ƙarƙashin yayansa Kurna, kafin ya zama shi ne gaba. Da ya rasu a 1991 kiɗan bai bi shi kabari ba, 'ya'yansa suka ɗauka. A irin wannan tsari, fitar mutum ɗaya ba ta rushe gida. Kuma fitar ma tana da hanya. Yaro in ya ga ya isa ya tsaya da ƙafarsa, zai je ya durƙusa ya nemi izini, ko ya aika babba ya nema masa, kamar yadda yaron shago ke jiran maigida ya sallame shi. In saɓani ne ya shiga, akwai ubangidan da suke yi wa waƙa, akwai dattawan unguwa, wani zai kira su ya zaunar da su. Ko sulhu bai yiwu ba, za a yi "Allah ya haɗa kowa da rabonsa", a yafi juna, gobe in an haɗu a gidan biki a gaisa.

Ƙungiyar 'yan sha'awa a nan kuwa alfaharinta shi ne ba ta da shugaba. Kowa daidai yake da kowa, komai sai an yi shawara. Yana da daɗi lokacin da abubuwa ke tafiya, ni ma na ji daɗinsa, domin ban taɓa zama wurin da ra'ayin mai ganga ke da nauyi ɗaya da na mai waƙa ba sai nan. Amma ranar da abu ya fara lalacewa, babu wanda yake ganin haƙƙinsa ne ya tara mutane. Kowa na jin kunyar ya zama shi ne ya fara furtawa. Ga kuma ɗabi'ar mutanen nan ta gudun magana mai nauyi ido da ido, sun fi son a bar abu ya mutu da kansa. Ni a ganina wannan shirun zalunci ne, ko da ba da niyya aka yi shi ba. Wanda ya fi kowa riƙe ƙungiyar a zuciya shi ke ci gaba da keɓe daren, yana ƙin karɓar wani aiki a ranar, yana jiran kiran da ba zai zo ba.

Kada a ɗauka ina cewa namu tsarin ba shi da aibi. Mu tambayi kanmu tsakani da Allah: mutum nawa ne za su iya kawo sunan 'yan amshin Mamman Shata guda uku, ko masu yi masa kalangu? Shekara da shekaru suna bayansa, muryarsu na cikin kowane kaset, amma suna na mutum ɗaya ne. A irin wannan tafiya, kyautar da aka samu uban tafiya ke rabawa yadda ya ga dama. In adali ne an ji daɗi, in ba haka ba sai haƙuri, don babu takardar da za ka nuna. Yanzu ma da situdiyo ta zo, tun da fiyano ya mamaye waƙar Hausa a Kano, mawaƙi ɗaya da mai haɗa kiɗa ɗaya sun isa su gama waƙa a ɗaki guda a Zoo Road. Makaɗa da yawa an bar su a baya ba tare da ko sallamar da nake yabo ba. Wato abin da nake kewa, a gidan ma yana ƙarewa.

Ta wannan fuskar Turawan nan sun fi mu, domin sun daɗe da mayar da haƙƙin makaɗi kan takarda. Ƙungiyar makaɗa ta ƙasar, Musicians' Union, a nan Mancesta aka dasa tushenta a 1893, kuma tana ba mambobinta samfurin yarjejeniyar da 'yan ƙungiya za su sa wa hannu tun kafin a samu saɓani. Akwai PRS, wadda ta faro tun 1914, mai karɓar wa marubuta waƙa kuɗinsu duk inda aka sa waƙar. Wanda ya tsara waƙa haƙƙinta nasa ne har ya mutu, magadansa su ci gaba da riƙewa shekara 70 bayansa. In mutum biyu ko uku suka tsara ta tare, ɗaya ba zai ba wani izinin amfani da ita shi kaɗai ba. Har ma akwai tsohuwar doka ta 1890 wadda za ta iya ɗaukar mutanen da ke harka tare don neman riba a matsayin abokan kasuwanci, ko ba su rubuta komai ba. 'Yan sha'awa da yawa ba su san wannan ba sai ranar da aka zo rabon kaya. Dokokin suna nan, sai dai doka ba ta tara mutane a ɗaki ɗaya. Sai wani ya ɗauki waya ya ce ku zo.

Shi ya sa shawarata ga duk wanda tasa ƙungiyar ke cikin wannan hali, ko a Landan yake ko a Hambug ko a Jidda, ita ce ya zama shi ne mai kiran. Kada ya kira don a farfaɗo da ita. Ya kira don a rufe ta da mutunci. A dafa abinci, a zauna, in akwai wanda kowa ke jin nauyinsa a waje a gayyato shi. Sannan a bi abubuwan ɗaya bayan ɗaya, ko da suna da kamar ƙanana. Lasifika da makirfon da aka haɗa kuɗi aka saya, wa zai riƙe, nawa zai mayar wa sauran? 'Yan kuɗin da suka rage a asusu fa? Sunan ƙungiyar, an binne shi ke nan ko wani zai ci gaba da shi? Kalmar sirri ta shafin YouTube da Instagram galibi a hannun mutum ɗaya take, haka ma waƙoƙin da aka ɗauka suna cikin kwamfutar mutum ɗaya. A kwafa wa kowa nasa, a rubuta wanda ya tsara me. Na ga abokai sun daina gaisawa a kan waƙa ɗaya da wani ya ɗauka ya tafi da ita sabuwar ƙungiya, alhali da ya tambaya da an ba shi da hannu biyu.

Akwai kuma alkawarin waje. In kun karɓi ranar wasa a wani ƙaramin gidan kiɗa, ku cika ko ku sanar da wuri. Waɗannan wurare da kyar suke numfashi. Ƙungiyar Music Venue Trust, mai kare ƙananan gidajen kiɗa, ta ce a shekarar 2023 kaɗai wurare 125 irin waɗannan ne suka rufe ko suka daina sa kiɗa a Birtaniya. Mai gidan da ya ba ku dare lokacin da babu wanda ya san ku bai cancanci ya buɗe ƙofa ya tarar babu kowa ba.

Sai maganar me za a yi gaba, wadda ita ce ke hana barci. Abu na farko da zuciya ke raya wa mutum shi ne ya yi maza ya tara wasu, ya nuna cewa ba a kansa aka tsaya ba. Ban yarda da wannan gaggawar ba. Wanda ya kafa sabuwa da zafin tsohuwa, duk wanda ya zo da ma'aunin wancan zai auna shi, sabon mai jita ya yi ta biyan bashin da bai ci ba. Na biyu shi ne a sayar da kaya a ce an tuba. Wannan ma a dakata, domin yanke shawara cikin ɓacin rai ne, kuma kalangu mai kyau ba a samunsa a kantin Mancesta. Abin da ya fi shi ne hannu ya ci gaba da taɓa fata ko tsirkiya ba tare da an ɗaura wa kai wani alkawari ba. Garin nan cike yake da daren da ake buɗe dandamali ga duk mai so, ka je da kayanka, ka yi waƙa biyu da mutanen da ba ka sani ba, ka koma gida. A nan ne mutum ke gane ainihin abin da yake nema. Wani zai tarar kiɗan kansa yake so, shi kaɗai ma ya ishe shi, kuma ba abin kunya ba ne: Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya ya zaga duniya babu ɗan amshi ko ɗaya. Wani kuma zai tarar taron yake so, ko da ƙungiyar masu ganga ta unguwa ce ko koya wa yara a ƙarshen mako.

Ni na gane cewa taron nake so, don haka zan sake shiga ƙungiya, amma da sharaɗi. Ina son wadda ke da shugaba sananne, wanda aka zaɓa aka faɗi sunansa, wanda in abu ya fara tsami shi ke da alhakin tara mu. Ina kuma son ta fi ƙarfin mutum biyar cif-cif, yadda rashin ɗaya ba zai tsayar da kowa ba. Ƙungiyar kiɗa ta Tal National da ke Yamai haka take tafiya: mutanenta suna da yawa, suna karɓa-karɓa, har sukan rabu biyu su yi wasa a wuri biyu dare ɗaya. Mu ba ma buƙatar kaiwa can, amma mai ganga biyu da mai waƙa biyu ba su fi ƙarfin 'yan sha'awa ba. Kuma tun daren farko, kafin a saba har a fara jin nauyin juna, a rubuta shafi ɗaya: kayan wa da wa ne, yadda za a raba abin da aka samu, sunan wa zai hau kan kowace waƙa, da cewa duk mai son tafiya zai zo ya faɗa da bakinsa a gaban kowa, a ba shi wata guda a nemi madadinsa.

Tsoffin abokan tafiyata kuwa na riga na aika musu saƙo ɗaya bayan ɗaya, ba ta zauren ba. Na ce su zo gidana ranar Lahadi bayan la'asar, za a yi shinkafa da miya, kowa ya taho da duk wani kayan ƙungiya da ke hannunsa. Uku sun amsa. Na huɗun zan kira shi a waya gobe idan na tashi daga aiki.