Dawakin Alhaji

Wani gareji ne a gindin dogon yaro a Birnin Kebbi, cikin zafin watan Afrilu. Wata Golf 3 ta shigo tana tari, gindinta na shafar ƙasa. Bakanike ya fito daga ƙarƙashin wata mota yana goge hannu. A kan benci ga wani Bafulatani yana jiran a liƙe masa tayar babur.

ALHAJI: Oga, yau an ci mutuncina. Tsakanin Kalgo da Jega wani yaro da Sienna ya wuce ni, har da ɗaga mini hannu kamar mai bankwana da gawa. So nika a ƙara ma wagga mota ƙarfi.

BAKANIKE: Sannu Alhaji. Nawa ka zo da su?

ALHAJI: Kuɗi ba matsala ba ne. Naira 7,000.

YARON GAREJI: Oga, ko ƙarfin rediyon yake nufi?

BAKANIKE: Rufe mana baki, ɗauko sifana. Alhaji, injinka mai 1.8 ne. Ran da Jamusawa sunka ƙera shi, doki 90 ke cikinsa. Waccan Sienna silinda shida gare ta, dawakinta sun haura 200.

BAFULATANI: (ya miƙe, ya leƙa cikin bonet) Aradu ƙarya ba kyau. Doki 90 a nan ciki? Ko Sarkin Gwandu ran hawan sallah sai ya yi gayya. Ina kashinsu?

BAKANIKE: Baffa, awo ne, kamar yadda kake auna nono da ludayi. Wani Bature James Watt ya ƙirƙiro shi don ya sayar da injin tururi ga masu aiki da dawaki. Doki ɗaya wajen wat 746 ke nan. Mutum in zai daɗe yana aiki, da ƙyar yake ba da kashi ɗaya cikin goma na doki.

ALHAJI: Bar tarihi. Ƙara mini 110, in kamo yaron can.

BAKANIKE: Kafin a ƙara sai a ƙirga na gida. An daina ƙera wagga mota tun kafin shekarar 2000. Ina tantama in rabin dawakin na nan.

BAFULATANI: To sun tsinke ke nan. Wa ke kiwonsu?

BAKANIKE: Ga makiyayin nan tsaye da babbar riga. (ya zaro iya filta, wato matatar iska, ya buga a taya, ƙura ta turnuƙe) Alhaji, yaushe rabon da a canza wannan?

ALHAJI: Ana canza shi? Ai da shi na sayi motar.

BAKANIKE: Inji abu uku yake ci: iska, mai, wuta. Kuma iskar ta fi yawa, don kilo ɗaya na fetur yana son iska wajen kilo 15 kafin ya ƙone sarai. Kai ka bar ƙurar hunturu goma ta toshe masa hanci. Ga zafin garin nan, iska mai zafi ba ta da kauri, ko lafiyayyen inji ragewa yake yi da rana tsaka.

BAFULATANI: Ka ɗaure ma doki hanci da rawani, kuma kana son sukuwa.

ALHAJI: Kai Fulani, da kai anka yi? Je ka ji da tayarka.

BAKANIKE: (ya kwance fulogi) Dubi, baƙi ƙirin, ya jiƙe da baƙin mai. Huɗu ne, kowane da ƙabilarsa, ɗaya ma ina zaton na janareta ne.

ALHAJI: Ai ya shiga ramin.

BAKANIKE: Man da ke jikinsa kuwa alama ce ring, zoben da ke jikin fistin, ya gaji. Fistin in ya matse iska da mai, sai su zurare ta gefe. Shi ya sa kake shuɗin hayaƙi kamar mai gasa kifi a Argungu. Wane mai kake sha?

ALHAJI: Na 'yan bumburutu, galan ɗaya da safe. In Allah ya kawo fasinja a ƙara rabi.

BAFULATANI: Doki 90, galan ɗaya! Ko akuya ce sai ta kai ka gaban alƙali.

ALHAJI: Oga, ni fa na ji ana wani abu wai tabo. Yara na cewa in an sa shi mota tashi take yi.

BAKANIKE: Akwai shi, kuma ba ƙarya ba ne. Hayaƙin da ke fita shi ke juya wata 'yar fanka, ita kuma ta ɗura ma inji iska da ƙarfi, a ƙara mai, ƙarfi ya ƙaru. Amma sai da bututu, da abin sanyaya iskar, da hanyar baƙin mai, da wanda zai gyara lissafin birenbos, wato kwamfutar motar. Kuɗin sai ya doshi kuɗin motar. Kuma in na ɗora shi kan wanga gajiyayyen ring, kafin ka kai Kalgo fistin zai leƙo ya gaishe ka.

YARON GAREJI: Akwai sitika mai rubutun TURBO, Naira 500. Ja ce.

ALHAJI: (ya juyo da sauri) Doki nawa take ƙarawa?

YARON GAREJI: A idon mutane, kamar 40.

ALHAJI: Wanga yaro zai yi albarka. To salansa fa? An ce in an huda ta, numfashi na buɗewa.

BAKANIKE: In ta toshe, ko indomin da ke cikinta, abin nan mai tace hayaƙi, ya narke, gyarawa na maido ƙarfi. Taka kuwa ba indomi, an daɗe da sace shi. Hudawa ƙara kawai za ta ba ka, maƙwabta su san lokacin da kake dawowa.

ALHAJI: Ai ƙarar ma kwarjini ce.

BAKANIKE: Akwai gyara guda wanda ko sisi ba za ka biya ba. Yaro, buɗe but.

(Yaro ya buɗe. Buhunan albasar Aliero shida, da injin ban ruwa, da wata tunkiya da ta ɗago kai ta dube su.)

BAKANIKE: Fasinja nawa kake ɗauka?

ALHAJI: Huɗu a baya, biyu a gaba, sai yaron mota in ya samu wuri. Ba na zalunci.

BAKANIKE: Sauke buhu uku, ka cika iskar taya, ka saki burkin bayan nan da ke kamawa, za ka rantse an canza maka inji.

ALHAJI: In sauke albasa? Oga, gyara na zo ko karayar arziki?

BAKANIKE: To ga abin da 7,000 za ta iya. Mu busa filta, mu wanke fulogi da nozul, mu saki burki. Ring sai ka sayar da tunkiya.

ALHAJI: Tunkiyar fasinja ce, ta biya kuɗin kujera. (ya yi shiru yana lissafi da carbi) Yaro, kawo sitika. Oga, huda salansa, ƙaramin rami na Naira 1,000. A ba ni canjin 5,500.

BAKANIKE: Filta fa?

ALHAJI: Mayar da shi yadda ka same shi. Ya saba.

(An manna sitika, an huda salansa. Alhaji ya shiga ya murza makulli. Ƙyat. Ya sake. Ƙyat. Tunkiya ta yi kuka.)

YARON GAREJI: Oga, batir ya kwanta.

ALHAJI: (ya leƙo ta taga) To mi kuke kallo? Ku taɓa mini kaɗan mana. Baffa, don Allah sa hannu.

(Bakanike da Yaro da Bafulatani da mai shayi sun dafa but suna nishi.)

BAFULATANI: Oga, mutum nawa ka ce ke yin doki ɗaya?

BAKANIKE: Goma.

BAFULATANI: Mu huɗu ne, ko jaki ba mu kai ba. Alhaji, duk da haka ni ba na aiki sai da harawa.

ALHAJI: Ku dai ƙara wuta, na fara jin tabon yana kamawa!