Bos Ɗin Da Bai Mutu Ba

Bakano da Bazazzage na zaune a gidan kallo, an saka wani fim na Jamus.

Bakano: Kai bawana, tun ɗazu ko mari ɗaya ba a yi ba. Wai ina bos ɗin?

Bazazzage: Bawan wa? Ga shi can a kan tebur.

Bakano: Wannan ai magani ne.

Bazazzage: To shi ne bos ɗin. Contergan sunansa, sunan fim ɗin ma ke nan. Maganin barci ne da kamfanin Grünenthal ya fito da shi a 1957, ana sayensa ko takardar likita babu. Mata masu laulayi suka yi ta sha. Sai a 1961 aka janye shi. Sanadiyyarsa an haifi yara wajen 5,000 a Jamus ta Yamma, wasu hannu dungu, wasu babu hannun gaba ɗaya.

Bakano: Innalillahi! To me jarumin yake jira? Ya ɗauko bindiga mana!

Bazazzage: Lauya ne. 'Yarsa ma abin ya shafa. Takardu yake tarawa.

Bakano: Da takarda za a kashe bos?

Bazazzage: Kotu aka tafi, a garin Alsdorf, a 1968. Aka shekara biyu da rabi ana shari'a.

Bakano: Yauwa! Shekara nawa aka yanke musu?

Bazazzage: Ko kwana ɗaya. An rufe shari'ar a 1970 ba hukunci, kamfani ya ajiye Mark miliyan 100.

Bakano: Miliyan 100... nawa ke nan a naira?

Bazazzage: Ka ji Bakano! Ana maganar rai, kai kana canji.

Bakano: To a ƙarshe dai bos ya mutu ko?

Bazazzage: Ina fa! Kamfanin ya ma kai masu fim ɗin ƙara, sai a 2007 aka samu nuna shi a talabijin. Haƙuri kuwa, sai a 2012 kamfanin ya fito ya bayar.

Bakano: Shekara hamsin! Ko bashin da nake binka bai yi wannan daɗewar ba. Ba faɗa, ba rawa, ba waƙa, bos na nan da ransa. Wallahi sai mai gidan kallo ya ba ni kuɗina!

Bazazzage: Kai shi kotu. Ni zan zama lauyanka, amma fara yafe min bashin nan tukuna.